Ribas Ɗin Farfesa Kwaji

"A duk faɗin Mubi, daga Lokuwa har Wuro Patuji, babu wanda ya san mota kamar ni."

Ni na faɗi wannan magana da bakina, kuma ba sau ɗaya ba. Sunana Kwaji, malamin makaranta ne ni, amma a garejin Tizhe bakanike Farfesa ake ce mini. A bayan garejin akwai bishiyar mangwaro, nan muke taruwa kowace yamma, mu masoya mota. Akwai benci biyu, akwai tsohuwar taya, sannan akwai kujerar gaba ta wata mota da Tizhe ya ciro ya ɗora a kan bulo huɗu. Wannan kujera ta wanda ya fi kowa sanin mota ce, kuma shekara shida ina kanta. Tunda mu biyu ne bari in gaya maka gaskiya: duk shekarun nan shida a keke napep nake zuwa garejin.

Mai harin kujerata mutum ɗaya ne, Alhaji Hammanjoda dillalin shanu. Yana da wata ƙatuwar jif baƙa, cikinta maɓallai kamar shagon gyaran rediyo. Ni kuwa aƙidata ita ce ƙaramar jif mai araha, wadda babu komai a cikinta sai inji da sitiyari, gilas ma da hannu ake murɗa shi. Kullum a kan wannan muke tada jijiyar wuya.

"Farfesa, wannan ai ba jif ba ne," in ji shi wata rana. "Akwatin ƙarfe ne aka sa masa dogon takalmi. Motana kuwa, in na zauna, kujera ma yana gane ni."

"To ranar da kwamfutar ta manta ka fa, Alhaji? Sai a ɗora ku a tirela a kai Yola. Irin tawa kuwa, sifana ɗaya da 'yar waya Tizhe zai tashe ta. Ga giyar hannu. Mota mai giyar hannu ita ce motar maza."

Ya kurɓi shayinsa a hankali ya dube ni. "Naka wanne? Wanda yake cikin wayanka?"

Aka kwashe da dariya har da masu wucewa. Maganar ta ci ni, ta kwana tana cina. Wata biyu bayan haka na sayi jif ɗina, fara, ta hannu, wadda ta shigo ta ɓangaren Kamaru.

A wani fili dillalin ya damƙa mini ita. Na je da matata Roda, wadda ta girma a Uba tana jan a-kori-kurar babanta zuwa gona, amma ni ban taɓa lissafa wannan a cikin sanin mota ba. Dillalin ya leƙo ta taga ya ce, "Oga, bari in nuna maka wani abu a giya."

"Ni za ka nuna wa giya?" na ce. Na zaunar da shi na yi masa karatun rabin awa a kan inji, har bawan Allah ya fara hamma. Daga nan na bar shi da Roda suna 'yar magana a jikin taga, na tafi ina zagaya motar ina ɗaukar hoto. Da na dawo na ciro wata rigar fata mai tuntu da na saya wa sandar giya tun kafin in sayi motar, na zura mata daga kai har wuya, na ɗaure tamau.

Tuƙi dai na iya, a motar ƙanin Roda na koya, sai dai tasa mai canza giya da kanta ce. Giyar hannu a waya na karanta ta. Duk da haka, bayan motar ta mutu sau huɗu a hanya, na kawo mu gida lafiya, na shiga da ita tsakar gida na tsaya hancinta na kallon katanga.

Washegari na tashi fita. Na san ribas yana sama ta hagu, kusa da giya ta ɗaya. Na taka kuloci, na tura sandar can, na saki. Motar ta yi gaba. Na sake, ta sake yin gaba, ta taka kaskon ruwan kajin Roda. Na ɗauko littafin motar, ashe da Faransanci aka rubuta shi. Na duba waya, wani Bature ya ce a danna sandar ƙasa, na danna har kafaɗata ta yi tsami. Ribas ya ce bai san ni ba.

Za ka ce me ya hana ni tambayar Tizhe. Ba ka san Tizhe ba. Bakinsa ya fi hannunsa sauri, kafin magariba labarin ya isa kasuwar shanu, kuma kujerar da na yi shekara shida ina ɗumamawa Hammanjoda ya haye. Sai na kira maƙwabta biyu na ce su tura ni baya, na bayyana musu cewa sabon inji ba a sa masa ribas a makon farko. Suka gyaɗa kai, ai Farfesa ne ya faɗa.

Daga ranar na zama mutumin da ya fi kowa sanin gangaren Mubi. Ba na ajiye mota sai inda in na saki birki za ta sulalo baya da kanta. A coci can filin ƙwallo nake tsayawa, Roda ta taka da ƙafa da takalmin Lahadi. In na wuce shagon da nake nema da taku biyar, sai in zagaye unguwa guda in dawo. A gareji kuwa ko Tizhe ban bari ya leƙa cikinta ba, na ce sabuwar mota ba ta son hannun bakanike.

Gida ne matsalar. Makon farko ya ƙare, maƙwabta suka fara ɓuya in sun ji na tada inji. Sai dabara ta faɗo mini. Na kira magina na ce a fasa katangar baya, wajen da ke kallon famfon unguwa da ɗan lambun Roda, a sa ƙofa babba.

"Haka gidajen manya suke, Maman Eva," na ce wa Roda. "A shiga da mota ta nan, a fita ta can."

Roda, wadda ko ƙusa na buga sai ta tambayi dalili, nan take ta amince. Har kunun gyaɗa ta dama wa maginan. Na ji daɗi a raina, na ce lalle matar nan ta fara gane darajar miji.

Gardamar gareji kuwa sai ƙaruwa take yi, har Tizhe ya gaji. Ya ajiye sifana ya ce, "Kun cika mana kunne. Asabar akwai auren ƙanwana a ƙauyenmu bayan Gella. Hanya ba kyau, akwai mayo, wato rafi, a ƙasan gida. Wanda motanshi ya kai ƙofan Baba, shi ne da kujera. Magana ya ƙare."

Ranar Asabar muka kama hanya, ƙarshen damina, ko'ina shar. Hammanjoda a gaba da 'yan majalisa cike da motarsa suna shan sanyi, ni a baya da Roda da kulolin abinci, muna murɗa gilas. Muka wuce Gella, kwalta ta ƙare, muka shiga duwatsu har muka iso mayon. Ruwan bai kai gwiwa ba, amma ƙasansa yashi ne mai laushi.

Hammanjoda ya danna wani maɓalli ya shiga. A tsakiyar mayo ƙatuwar jif ta tsaya, ta yi gurnani, ta fara haƙa wa kanta kabari da ƙafafu huɗu. Duk fitilun gaban direba suka kunna, wata murya a cikin motar tana ta magana da Turanci, babu mai sauraronta.

Ni kuwa na ratsa ta gefensa a giya ta ɗaya. Akwatin ƙarfen nan nawa, da yake ba shi da nauyi, ya tsallake yashin kamar akuya, ya haye tudu. Allah ya sani, ban taɓa jin daɗi irin na wannan minti ba. Na danna hon, na miƙe har ƙofar Baban Tizhe, mata suna guɗa, yara suna bin mu. Don kowa ya gani da kyau, na shige har cikin fili na tsaya taku uku daga rumbun tsohon. Na fito na jingina da motar na fara jawabi a kan illar maɓallai.

Ina tsakiyar jawabin Tizhe ya hauro yana haki, wandonsa jiƙe. "Farfesa, ka ci, kujera naka ne. Yanzu yi ribas ka sauko, mu ɗaura igiya ka ja Alhaji."

Sai a lokacin na dubi inda na tsaya. Gaba rumbu, dama katangar dutse, hagu tukwanen biki a kan wuta. Gangaren ma, ɗan wanda ke akwai, wajen rumbun ya nufa.

"Inji ya yi zafi," na ce. "Sai ya huce."

Aka jira ya huce. Na ce taya ma ta yi zafi. Ana cikin haka hadari ya haɗo a kan duwatsu, tsofaffi suka ce in aka yi ruwa a can sama, mayon nan cikin rabin awa yake cika. Hammanjoda da kansa ya hauro, babbar rigarsa a kafaɗa, ƙafa duk laka.

"Farfesa, don Allah," ya ce. "Na yarda motanka ya fi. Useko, ina roƙonka, ka cire ni kafin ruwa ya zo."

Shekara shida ina jiran in ji wannan daga bakinsa, ga shi ya faɗa a gaban jama'a, ni kuma ba ni da ribas. Na shiga mota, na yi addu'a a zuci, na tura sandar sama ta hagu da dukkan ƙarfina, na saki kuloci. Motar ta yi gaba taku ɗaya.

"Birki nake gwadawa," na ce ta taga.

Na sake. Ta ƙara taku biyu, hancinta ya daki rumbu, ciyawar jinka ta zubo a kan gilas. Makaɗa suka tsaya. Baban Tizhe ya taso da sandarsa ya tsaya a jikin rumbun ya ce, "Yaro, dawan shekara guda ne a nan ciki. In ka sake matsowa, sai ka bi ta kaina."

"Sauko in yi maka," in ji Tizhe, yana kallona da wani irin ido.

"Na gaya maka ba ta son hannun bakanike."

Hannuna na kan sandar, gumi ya jiƙa tuntun. In na sake gwadawa rumbu ya faɗi, in na sauka na faɗi. Ina wannan tunanin ƙofa ta buɗe. Roda ce, da ankon biki da ɗaurin kallabi mai hawa uku.

"Baban Eva, matsa."

Na matsa. Ta zauna, ta kwance rigar fatar nan tawa mai tuntu ta jefa mini a cinya. A wuyan sandar, daidai inda rigar ta rufe, akwai wani ɗan zobe. Ta sa yatsu biyu ta ɗaga shi, sandar ta shige ribas ba gardama. Ta ɗora hannu ɗaya a bayan kujerata, ta waiga, ta sulale da motar baya tiryan-tiryan har bakin mayo. Aka ɗaura igiya, ta fizgo ƙatuwar jif ta fito tana zubar da ruwa. Guɗar da matan suka yi mata ta ninka wadda aka yi mini, ni kuwa ina zaune a gefenta da tuntu a hannu.

Tizhe ya leƙo ta tagata. "Farfesa, wata ɗaya kenan?"

"Sati biyar," na ce, don ba na son a ɓata lissafi.

Ranar Litinin na daure na je gareji. Bulo huɗu suna nan, kujera babu. Hammanjoda ya nuna mini tsohuwar tayar ya ce in zauna, majalisa ta yanke hukunci, an kai kujera gidan wanda ya san mota. Ban zauna ba, na juya gida. Ta ƙofar gaba na shiga, na sami kujerar can a sabuwar ƙofar baya, an ɗora ta a inuwa, Roda tana kanta tana gyaran yakuwar da ta tsinko a lambu.

"Maman Eva, tun yaushe kika san zoben nan?"

"Tun ranan farko. Dillalin ya nuna mini lokacin da kake ɗaukan hoto."

"Kina kallo aka tura ni, kina kallo na fasa katangar gidana, ba ki ce komai ba?"

Ba ta ko ɗago kai daga yakuwar ba.

"Shekara tara ina roƙonka ƙofan baya, ina zagaya layi da bokiti a kai, kana cewa ba yanzu ba. Na so sai ka gina mini ɗakin girki ma kafin a gane zoben, Alhaji ne ya ɓata mini shiri."