Tumunin Iya Shatu

Shekara goma sha ɗaya ke nan da Malam Kalilu, direban motar dankalin Jos, ya kawo wa matarsa Iya Shatu wata fulawa mai kawuna kamar albasa, wai ita okid. Ya rasu ya bar fulawar a tukunyar ƙasa, a gindin randa inda zafin Daura ke ɗan jin kunya. Yanzu saiwoyi sun tsaga tukunyar, ganye ya yi rawaya, shekara uku ba fure. Tsohuwar nan bakinta ya fi reza, amma tsoro take ji ƙwarai kada fulawar ta bi mai ita. Sai ga jikanta Hafizu, mai sayar da dashe a hanyar Mai'adua, da wuƙa a hannu.

"Sannu da gida, amaryata. Ya gwiwa?"

"Ta fi aljihunka lafiya. Miji ya zo ba goro sai wuƙa? Yanka ni za ka yi?"

"Namanki ai sai an ƙarar da itacen unguwa. Fulawa na zo rabawa."

"Ta Malam? Ka ci gidanku!"

"Gidanmu ai nan ne, Iya. Cunkoso ke kashe ta. Dube su, kamar motar Mashi ranar kasuwa."

Ya ƙarasa fasa tukunyar, ya kara wuƙa a wuta, ya ƙirga kawuna sha shida.

"Tsaya, wanzamin banza! Wannan gado ne. Shari'a ta zo, ba a rabo ba alƙali."

"Ni ne alƙalin. Matar mamaci tumuni gare ta, kai biyu cikin sha shida."

"Alƙali ba gemu! Kai kuwa jika, ubanka na raye, ko ganye ba ka da shi."

Hafizu ya yanka curin gida huɗu, ya datse ruɓaɓɓun saiwoyi. Iya ta turo masa kwandon takin awaki.

"Mayar da kayanki. Ba ta cin ƙasa, sai gawayi da ɓawon itace."

"Gawayi? Fulawa ce ko mai gasa masara?"

Wasu kawuna biyu suka ɓalle, busassu, ba ganye ko ɗaya. Ya cilla su wajen shara.

"Waɗannan sun gama yayi. Ba gashi, ba haƙori, duk tamoji, kamar wata da na sani."

Iya ta miƙe. Ta dafa bango ta je ta tsinto su, ta goge da bakin zane.

"Da su biyun nan Malam ya shigo gidan nan, a cikin hularsa."

Hafizu ya miƙa hannu. Ya karɓa, ya jujjuya, sai ya ga ɗan kore ya leƙo a gindin ɗaya.

"Iya, wallahi da rai! Ga tsiro."

"Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gano ba. Ga tumunina nan, alƙali, kai biyu cif. Dasa min su. Sauran ka kai wa 'ya'yansa, kowa ya shayar da nasa."

Hafizu ya yi dariya, yana share ido da hannun riga.

"Na sauka daga kujera, ranki ya daɗe. To ladan alƙali fa?"

Ta kwance bakin zane, ta ɓare goro, ta gutsuro masa ɗan mitsitsi.

"Ungo. Kai ma ka ɗanɗana tumuni, ka ji yadda muke ji."