Yadda Za Ka Yi Suna a Tafiyar Ƙafa Ba Tare da Ka Taka Dutse Ba

Kwantar da hankalinka, ka zo wurin gwani. Na san abin da ya faru. Ana hira a ofis kan masu goya jaka su ratsa duwatsu da ƙafa, bakinka ya riga hankalinka, ka ce kai ma za ka yi ta kwana goma, kilomita ɗari biyu cif. Tun daga ranar har masinja Sha-Tafiya yake kiranka, sunan kuma ya yi maka daɗi. Matsalar kawai, benen ofis ma sai ka huta a tsakiya. Bi matakan nan, na yi maka alkawari sunanka zai zauna daram. A kaina na gwada su.

1. Sayi jaka, amma kada ka gamsu da ita

Je shagon kayan tafiya ka tambayi mai shago lita nawa jakar goyon take ci. Goya ta, ka ɗaure maɗaurin ƙugu, ka yi tsalle biyu, ka ɓata rai. Bayan mako ka mayar, ka ce tana cin kafaɗa. Duk wanda ya nuna maka tasa, ka ɗaga ta da yatsa biyu ka ce, "Hmm. To, Allah Ya sa ta kai ka." Raina kayan wasu shi ne rabin gwaninta.

2. Auna komai

Ɗauko sikelin da matarka take auna fulawa. Auna tocila, auna safa, auna cokali. Yanke mariƙin burushin haƙori, ka ɓalle tambarin wuyan riga, ka datse farin gefen taswira da almakashi. In cokalin ya yi maka nauyi, kai wa mai walda ya huda shi wuri uku. Za ka gane daga baya cewa ba ya ɗaukar ruwan shayi, amma wannan ƙaramin abu ne.

Matarka za ta tsaya a bakin kicin ta ce, "Abban yara, ka rage giram goma a burushi. Wannan kilo ashirin ɗin da ke gaban rigarka fa, wa zai ɗauka?"

Kada ka tanka. Ba kowa aka ba fahimtar ilimin nan ba.

3. Kafa tanti a falo

Ture kujeru, ka ɗaure igiyoyin a ƙafar tebur. Shiga ka ɗauki hoto, ka kula kada fanka ta fito. Sababbin takalman but ɗinka kuwa, a hoto kaɗai za ka sa su, ka mayar kwali, kada su yi datti.

4. Kada ka taɓa sa rana

In ana ruwa, ka ce sai ya ɗauke. In ya ɗauke, ka ce zafi. In an shiga sanyi, ka ce kana jiran wani bargo na musamman daga waje. Wanda ya matsa, ka tuna masa tafiya sannu-sannu kwana nesa. Shekara tana da wata goma sha biyu, kowanne da aibinsa.

5. Kada Baba ya shigo falon

A nan ni na yi sake. Baba shekara talatin yana raba wasiƙu da ƙafa, unguwa-unguwa, kuma har yau da ya haura saba'in bai fasa zagayensa na safe ba. Irin wannan tsoho ba a yi masa burga da taswira. Zai zo duba jikoki, ya tarar da tanti a falo.

"Kai, wannan fa? Gobara aka yi?"

"A'a Baba, shirin tafiya nake. Kwana goma a duwatsu."

Fuskarsa za ta washe, irin yadda ka daɗe ba ka gani ba. "Ashe kana da ƙafa! To Asabar zan raka ka kwana biyun farko. Rabona da tafiya da kai tun kana riƙe yatsana."

Ka ce zafi, ya ce akwai lema. Ka ce bargo, ya ce zai aro na Mama. Gaskiya ban da dabarar wannan wurin.

6. In Asabar ta zo

Baba zai iso da tsohon takalmin kambas, lema, da leda ɗauke da burodi da gorar ruwa. Kai kuma kilo goma sha takwas a baya, da but ɗin da bai taɓa sanin ƙafarka ba. A kilomita ta biyu but ɗin zai fara gaisawa da diddigenka. A ta huɗu bororo ya fashe, numfashinka kamar na tsohon famfo.

Zauna a kan dutse ka buɗe taswira, ka ce nazari kake. Ba za ka gane komai ba, don gefen da ka datse nan ne aka nuna arewa.

Baba zai ba ka ruwa, ya miƙa maka ledarsa, ya goya jakarka, ya juya gida. Bi shi a baya. Kunya za ta ishe ka, amma ba ta kisa.

7. Bar tsoho ya yi bayani

Kafin azahar kun dawo. Matarka da Mama suna ƙofa, ga akawun ofishinku da ya kawo takarda, ya ci sa'ar kallo. Rufe bakinka. Baba zai sauke jakar tun a kwanar layi ya mayar maka, ya shigo yana ɗingishi, yana mantawa da ƙafar da ya fara da ita.

"Ni na ɓata tafiyar," zai ce. "Gwiwa ce ta ƙi. Yaron nan da na bar shi, da yanzu ya yi nisa."

Shi ke nan. Ranar Litinin har yabo za ka sha, an ce ka fasa burinka saboda mahaifi.

Gargaɗi

Ba ruwan marubucin nan da bororo, ciwon baya, ko cokali mai yoyo. Alkawarin suna na yi, kuma ya cika. Haka ba ruwana in Mama ta gaskata zancen gwiwa, ta ɓoye kambas, ta hana Baba zagayen safe har abada. In ka je gaishe shi ka same shi zaune a ƙofar gida da lafiyayyun ƙafafu yana kallon masu wucewa, ya ɗago ya tambaye ka, "Ya diddigen?", kada ka zo min da tambaya. Nawa Baban wata takwas ke nan yana zaune, kuma har yau ban iya buɗe baki na gaya wa Mama ba.