Rasuwar Ummu Waraƙa, Injin Kwafin Hawa na Biyu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da yatsu baƙi ƙirin da tawada, Malam Othman Maiturare na unguwar Ammariyya, mai kula da ɗakin kwafi a wata kwalejin jinya da ke Jidda, yana sanar da 'yan uwa da abokan aiki rasuwar abokiyar zamansa ta shekara goma sha ɗaya, na'urar kwafin da kowa ke kira Ummu Waraƙa, wato Uwar Takarda. Rai ya yi halinsa ranar Laraba kafin azahar, saura kwana biyar lajna ta iso, wato kwamitin da ke tantance ko kwaleji ta cancanci a amince da shaidar karatunta.

Marigayiya mai haƙuri ce. Ba ta taɓa tambayar kowa iƙama, takardar izinin zama a ƙasar, ba. Duk safiya sai ta yi gyaran murya, "ƙirrr, cak," sannan ta kama aiki, ta yi wa Balarabe, ta yi wa Takaruru, baƙar fatar Afirka, layi ɗaya. Ta ga takardun jarrabawar ɗalibai dubbai, ba a taɓa jin sirrin kowa a bakinta ba. Aibinta ɗaya, ba ta son takarda mai danshi, kuma a Jidda wa ya isa ya raba takarda da danshi?

Jinyarta ta fara ne da shirin zuwan lajna. Doka ce a kowane darasi a ciro takardu uku, ta ɗalibin da ya fi kowa, ta matsakaici, da ta wanda ya zo ƙarshe, a liƙe sunayensu da farar takarda, a kwafa, a sa a fayil, don baƙi su ga ko ana koyon abin da ake cewa ana koyarwa. Darussa ɗari da arba'in. Marigayiya ta yi zazzaɓi, ta yi tari, amma ba ta kwanta ba.

Ranar Laraba aka kawo na darasin lissafin magani. Malam Othman ya sa ta farko, ya sa ta biyu. Ta ukun tana cikin shiga bakinta ya ga wata lambar bakwai mai sanda a ƙugu, irin wadda shi kansa yake rubutawa, irin wadda ya riƙe hannun 'yarsa Sajida ya koya mata tana 'yar shekara biyar. An liƙe suna, amma ba a liƙe rubutu ba. Ba ya ɓoye wa jama'a cewa ya kai hannu ya damƙe gefen takardar. Shi ya ja, ita ta ja. Ta ce "ƙiiii," ta haɗiye sauran, fitilarta ta yi ja, halas, shi ke nan.

Ta rasu ta bar fayil ɗari da talatin da tara cikakku, da ɗaya mai giɓi. Ta bar Daktora Hind, shugabar sashen inganci, wadda ta leƙo sau shida tana cewa fayil mai giɓi ba ya zuwa gaban lajna. Ta bar Larai, mahaifiyar Sajida, wadda har yanzu take gaya wa maƙwabta cewa 'yarta na cikin na gaba-gaba. Ta kuma bar Malam Othman, wanda kwalejin ce kafilinsa, mai tsaya masa kan zamansa a ƙasar, kuma albarkacin aikinsa Sajida ta samu gurbi. In takardar ta zauna a cikin gawa, kwaleji na iya rasa amincewa, shekara ukun yarinyar su tashi a banza. In ta fito, baƙi za su ɗaga ta su ce ga mafi rauni, shi kuma yana tsaye yana zuba musu gahawa.

Za a yi mata sutura ranar Lahadi da ƙarfe tara, idan mai gyara ya zo ya buɗe cikinta. Daga nan za a ɗauke ta zuwa wajen masu tsofaffin ƙarafa a kudancin gari. Malam Othman ya nemi alfarma ɗaya, an kuma ba shi: shi zai ciro takardar da hannunsa, ya liƙa inda ya yaga, ya goge ta da dutsen guga, ya kai ta fayil.

Ana karɓar gaisuwa a ɗakin kwafi, ba a gida ba. Wanda ya haɗu da Larai a hanya, don Allah ya yi mata gaisuwar na'ura kawai, ya wuce.