Yadda Za Ka Karɓi Tallafin Haya Ba Tare Da Ka Ce Kana Buƙata Ba

Kai da mai gidan hayarka ta daina amsa gaisuwarka, zauna da kyau, ka sauke ƙafar nan daga kan 'yar'uwarta. Ka ji an ce gwamnati tana biya wa marasa ƙarfi wani kaso na kuɗin haya don kada su kwana a tashar jirgin ƙasa. Gaskiya ne. Abin da ba a gaya maka ba shi ne, kafin a ba ka sai ka buɗe bakinka ka ce ba ka da shi, kuma namijin da ya yi furfura a birnin Busan harshensa ba ya juya wannan magana. To ni zan koya maka yadda za ka samu kuɗin, ɗakinka ya tsaya, ko karen unguwa bai ji ka roƙa ba. Hanyar ba ta taɓa faɗuwa ba. Na gwada ta a kan Bong Chil-seong, tsohon mai ɗinkin ragar kamun kifi da muke buga dara a zauren tsofaffi, ga shi nan yau cikin ɗakinsa yana minshari.

Mataki na ɗaya: Ka musanta, har wa kanka

Bong yana zaune a ɗakin da rabinsa ke cikin ƙasa, tagarsa ba ta ganin komai sai takalman masu wucewa. Tun da idonsa ya daina ganin kafar allura haya ta fara cin kuɗin ajiyar da ya bayar ranar shiga, har ta suɗe su. Mai gidan, Gwaggo Yeom, ta sauko ta tsaya a bakin ƙofa.

“Tsoho, kafin dusar ƙanƙara ta farko ta zubo ina son ɗakina. Ɗalibai na nema.”

“Uwar ɗakina, kuɗina na hanya.”

“Wace hanya? Da ƙafa suka taso daga Seoul?”

Ka ga yadda ya amsa? Haka za ka yi. Kada ka faɗi daga ina kuɗin suka taso. Magabata suna da magana mai kyau a kan wannan, amma ba zan zuba ta a kunnen da bai biya haya ba.

Mataki na biyu: Ka je ofishin unguwa a madadin wani abokinka

Ka fito da kwat ɗin da kake zuwa jana'iza da ita, ka goge takalmi. Da ka isa gaban ma'aikaci ka ce akwai wani abokinka, bawan Allah, da haya ta sha kansa, kai dai tausayi ya kawo ka.

Bong ya yi haka. Ma'aikacin ya ce, “Yaya sunan abokin naka, Baba?”

“Bong Chil-seong.”

“Kai kuma fa?”

“Sunanmu ɗaya. Abin da ya haɗa mu ke nan.”

“Ina yake zaune?”

“Ɗakinmu ɗaya.”

Yaron ya dube shi, ya dubi kwat ɗin, ya ce za a turo wadda za ta zo ta ga ɗakin abokin da idonta. Yaro mai tarbiyya. Ko murmushi bai yi ba sai da Bong ya ba da baya.

Mataki na uku: Baƙo baƙo ne, ko daga gwamnati ya fito

A nan yaran zamani suke ɓata. Za su ce maka ka bar ɗakin yadda yake don a ga halin da kake ciki. Kada ka saurare su. Wa ya taɓa karɓar baƙo a gaban bangon da fumfuna ta cinye? Uwarka ba haka ta rene ka ba.

Ni da kaina na raka Bong aro. Mai askin unguwa ya ba mu tukunyar furensa. Mai soya kifi ta ba mu ɗan teburinta mai ƙyalli, irin wanda ake zama ƙasa a ci abinci a kai. Saura bango. Bangon nan ya yi baƙi daga sama har ƙasa, ruwa na tsattsafowa, bokiti na ƙarƙashinsa yana karɓa. Abu ɗaya ne zai rufe shi, shi ne shamakin nan mai naɗewa, mai zanen tsuntsaye, da ake kafawa ranar tunawa da iyaye. Kuma a layin nan Gwaggo Yeom kaɗai ke da shi.

Bong ya hau sama, ya ce mata ranar tunawa da mahaifinsa ce ta zagayo. Ko mai bin ka bashi ba ta hana mamaci shamaki. Ta ba shi tana harararsa.

Da kuɗin shinkafarsa ya sayi tuffa guda ɗaya, babba, irin wadda ake naɗewa a takarda kamar jaririya. Ya kunna abin ɗumama daɓe, wanda rabonsa da wuta tun sanyin bara.

Mataki na huɗu: Ka san shekarunta kafin ta san naka

Wadda aka turo yarinya ce, sunanta Tak Ye-rim, da jaka a kafaɗa. Ta cire takalmi, ta taka daɓe ta ji ɗumi, ta dubi fure, ta dubi tsuntsayen shamaki.

Kada ka bari ta fara tambaya. Kai ne babba.

“Kin ci abinci, 'yata? Shekararki nawa? Mutanen ina ne iyayenki? Har yanzu ba aure?”

Yana tambaya yana feraye tuffa, ɓawon na sauka dogo bai tsinke ba. Ya yanka, ya jera, ya tura mata da shayin sha'ir. Shi bai taɓa ko yanki ɗaya ba, alhali cikinsa sai da ya yi ƙara har ta ɗago kai. Ya yi tari ya rufe.

Mataki na biyar: In an miƙo, ka ƙi

Wannan shi ne ƙashin bayan hanyar tawa. Kowa ya sani, in an miƙo maka abu ka ce a'a. A sake miƙowa, ka ce haba, a bar shi. Sai an matsa maka sannan ka sa hannu biyu ka karɓa kamar an tilasta ka. Haka aka ba Bong matarsa marigayiya, haka yake karɓar ko ƙoƙon giyar shinkafa.

Yarinyar ta ce, “Baba, biyan haya yana yi maka wuya?”

“Wa? Ni? Wa ya gaya miki?”

“To ba ka buƙatar tallafin?”

“Haba 'yata. A kai wa masu buƙata.”

Ya gyara zama yana jiran miƙowa ta biyu, hannayensa biyu har sun fara ɗagowa daga gwiwa. Yarinyar ta yi ɗan rubutu, ta rufe jaka, ta sunkuya ta yi godiyar tuffa, ta nufi takalmanta.

A nan zan faɗa maka gaskiya, yaran da ake ɗauka aiki yanzu sau ɗaya suke tambaya. Wannan ba laifin hanyata ba ne, laifin makaranta ne. Bong ya zauna baki buɗe, gumi na bin wuyan kwat. Ya ga ɗakin yana fita ta ƙofa cikin jakar yarinya, ya ga kansa a kan bencin tasha da bargo da ƙanƙara. Maganar da zai faɗa ya tsira gajeriya ce. Abin da ya fito shi ne, “Ki sauka lafiya.”

Mataki na shida: Ka tabbata mai gidanka ba ta da haƙuri

Ƙafar yarinyar ɗaya na cikin takalmi sai ga Gwaggo Yeom ta sauko matakala kamar buhu ya suɓuce.

“Kai tsoho! Yanzu na tuna. Ba da bazara na ba ka shamakin nan ba? Uban naka sau nawa ya mutu?”

“Uwar ɗakina, ina da baƙuwa.”

“Baƙuwa! Ina shinkafar mamaci? Ina turare? Ka ɗauki shamakin kakannina ka zo kana burga da shi, haya kuwa tun da kuɗin ajiya suka ƙare ban ga ko won ɗaya na kuɗinka ba!”

Ta kama shamakin ta naɗe shi ɓangare ɓangare. Tsuntsaye suka tafi, bango ya fito, baƙi ƙirin, yana sheƙi. Ɗigo ɗaya ya faɗa bokiti, kowa ya ji. Mai soya kifi, da ihun ya jawo ta, ta leƙo ta ce in an gama da teburinta tana so, ta ɗaga farantin tuffa ta ajiye a ƙasa ta fita da abinta.

Bong ya dubi bangon kamar yau ya fara ganinsa. Ya ce, “Da safe ba haka yake ba.”

Ba wanda ya yi dariya. Ko Gwaggo Yeom sai ta kau da kai.

Mataki na bakwai: Ka bari a roƙe ka

Tak Ye-rim ta zare ƙafarta daga takalmi. Ashe kakarta ce ta rene ta, a ƙauye. Ta dawo ta durƙusa a gabansa, ta buɗe jaka.

“Baba, ka rufa mini asiri. Ban daɗe da fara aikin nan ba. In na koma hannu wofi, shugabana zai ce ban iya komai ba. Ka taimake ni ka yarda a nema maka, don ni.”

Bong ya gyara wuyan kwat. “Ai ban son in tauye wani.”

Gwaggo Yeom ta ɗaga shamakin kamar za ta sauke masa a ka. Yarinyar ta riga ta.

“Na roƙe ka, Baba.”

“To, tunda abin ya shafi aikinki.”

Ya ciro hatiminsa daga aljihu, ya huhhura shi, ya danna a takardar neman tallafin da hannu biyu. Da ƙanƙarar farko ta zubo, ta taga ya gan ta, a kan takalman mutane. Tallafin na zuwa, Gwaggo Yeom ta koma amsa gaisuwa da rabin baki, kuma ta cinye ragowar tuffar a ranar ta ce a cikin bashi. Shi kuwa duk wanda ya zauna da shi a zauren tsofaffi sai ya ji labarin yadda gwamnati ta durƙusa a ɗakinsa, ya duba ƙuruciyarta ya taimaka mata.

Gargaɗi

Na ce hanyar ba ta faɗuwa, kuma ban janye ba. Amma in aka turo maka wadda ba kaka ce ta rene ta ba, ko mai gidanka ta kasance mai haƙuri da mantuwa, ko ubanka bai taɓa mutuwa da bazara ba, ka tsinci kanka a bencin tasha da tukunyar furen mutane a hannu, kada ka ambaci sunana. Ban san ka ba, ban aike ka ba. Ofishin unguwa a buɗe yake, bakinka ma naka ne.

Wanda kuma ke da shamaki mai naɗewa da ba ya amfani da shi a makon nan, ya aiko zauren tsofaffi a ba ni. Wani abokina ne zai yi baƙuwa.