Ranar da Na Kai Daddawata Ofishin 'Yan Sanda

Har yau ina tambayar kaina, me ya hana maigidana Malam gaya mini gaskiya tun muna kan tabarma? Ya tafi da amsar, Allah ya jiƙansa. Ni kuwa ranar ba za ta taɓa fita raina ba.

Lokacin muna unguwar Mansura a birnin Doha, Malam yana jan babbar mota daga tashar jiragen ruwa zuwa Sanaiya, unguwar masana'antu. Akwai wani kukun jirgi, mutumin Kumasi, mai kawo mini daddawa duk zuwansu, ina sayar wa mutanenmu masu kewar miyar kuka. Wata safiya muna karyawa, rediyo ya ce wata ƙasar Turawa tana shirin kafa doka. Za a riƙa bin sawun jiragen ruwa ana binciken kayansu, a hukunta mai karya takunkumi.

Na ce, "Malam, har da daddawa?"

Ya tauna lomarsa a hankali. "Ai daga sama suke leƙowa, Hajiya. Na'urarsu har wari take ji."

(Shekara talatin da aure, ban koyi gane wannan fuskar tasa ba.)

Yana fita na shiga tunani. In aka kama mu, kafil, wato ubangidan da ya tsaya masa, zai sallame shi, a koro mu gida da tsufanmu. Gara ni in ɗauki laifin. Na cusa daddawar a jaka, na nemi gafarar maƙwabta, na kama hanyar ofishin 'yan sanda da tsakar rana. Na dire jakar a tebur, na miƙa hannu biyu a sa mini ankwa.

Ɗan sandan ya zuge jakar. Daddawar da ta sha ranar Doha! Ya yi baya, hula a hanci, yana "Khalas! Khalas!", wai ya isa haka. Aka bubbuɗe tagogi. Ba na jin Larabci, sai na nuna katin Malam, aka kira shi ya yi tafinta. Ya tarar da ni hannu a miƙe, ya yi musu bayani da Larabci, dariya na sarƙe shi. Sai a mota ya ce dokar ta man fetur da makamai ce, ko hannu ba a sa mata ba.

Kwana uku ban yi masa miya ba. Daga nan na koyi duba fuskar mai fassara kafin in yarda da labari. Yanzu rediyon yana nan, fuskar ce babu.

Ranar da zai cika ina gefen gadonsa ina kuka. Ya kamo hannuwan nan biyu da na taɓa miƙawa saboda shi, ya ce, "Yi a hankali, Hajiya, kar na'ura ta ji."