Yadda Ake Tara Alƙaluman Japan Har Su Fi Ka Tsawon Rai

Bawan Allah, idan burinka ka zama mai tara alƙaluman Japan masu sheƙi, irin waɗanda ake ƙera 'yan kaɗan a rufe ƙofa, to ka zo inda ya dace. Ka bi matakan nan yadda na jera su. Na yi maka alkawari kafin gashinka ya gama fari za ka mallaki kabad guda na alƙaluma, da abokai biyu, da mata mai yawan tsaki.

Ni ban taɓa sayen ko ɗaya ba, karatuna ma bai yi nisa ba. Amma na zauna da mai wannan ciwo tun ina amarya har na goya jikoki, kuma duk abin da zan faɗa maka da idona na gani. Maigidana likitan dabbobi ne. Ya rasu bana, Allah ya jiƙansa, ya bar mini kabad da makullinsa.

Tun yanzu ka san wani abu. Da alƙalaminsa nake wannan rubutu, kuma tawadar da ke ciki shi ya zuba ta da hannunsa, ita ce ta ƙarshe. Idan na bar ta za ta bushe, idan na yi rubutu za ta ƙare. Ban san inda za ta kai mu ba, saboda haka kada ka tsayar da ni da tambayoyi.

Mataki na ɗaya: Ka daina kiransa biro

Wannan shi ne tushe. Biro na jefarwa ne. Alƙalami kuwa yana shan tawada daga kwalba, yana da harshen zinariya, yana da akwatin katako, har da 'yar rigarsa ta yadi da ake ɗaure masa kamar jariri.

Ka haddace tarihinsa, domin za ka riƙa ba mutanen da ba su tambaye ka ba. Wai akwai wata bishiya a Japan da ake tsagawa ta zubo da ƙaro. Sai wani mai haƙuri ya shafa ƙaron a jikin alƙalami, ya jira ya bushe, ya goge, ya sake shafawa, shafi a kan shafi, wata da watanni. Daga nan ya ɗauko garin zinariya ya zana kifi ko wata ko reshen itace. Ranar da Likita ya fara yi mini wannan bayani na saurara har ƙarshe, sannan na ce, "To yana rubuta abin da biro ba ya rubutawa?"

Ya yi mini irin kallon da yake yi wa akuyar da ta haɗiye leda.

Ka koyi wannan kallon. Zai yi maka amfani.

Mataki na biyu: Ka iya shigo da shi gida

Kada ka taɓa shigowa da sabon akwati a hannu. Ka cusa shi a ƙasan jakar aiki, ƙarƙashin allurai da kwalaben magani, inda ka san matarka ba ta son taɓawa. Bayan kwana biyu ka fito da shi kana hamma. Idan ta ce, "Wannan fa?" sai ka ce, "Haba, wannan ai ya daɗe. Ke dai ba kya lura."

Gargaɗi ɗaya: kada ka taya ta aiki a ranar. Nan Likita ya riƙa kama kansa. Duk ranar da na ga ya naɗe hannun riga ya zo yana ɗauraye mini kofuna yana fito, na san mun yi baƙo daga Japan. Ban taɓa gaya masa ba. Wa zai kori mai ɗauraye masa kofuna?

Mataki na uku: Ka wanke hannu, ka ja labule

Mutumin nan yana iya yini da hannunsa cikin saniya har kafaɗa yana juya maraƙi. Ya dawo gida, ya ɗan watsa ruwa, ya zauna ya ci abinci. Amma idan kabad zai buɗe, sai ya wanke da sabulu, ya shinshina, ya sake wankewa, ya cire zobe, ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur. Ka yi koyi da shi. Cikinka zai iya jure komai, alƙalami ba zai iya ba.

Sai labule. Wai ƙaron nan ba ya shiri da rana, tana kashe masa sheƙi. Falonmu yana da taga babba mai kyau, saboda ita ma muka kama gidan. Tun da alƙalami na farko ya shigo aka ja mata labule. Furannina na tukunya suka yi ta miƙa wuya suna neman haske har suka gaji. Baƙi suna shigowa da rana tsaka su ce, "Ko wani ba shi da lafiya ne?" Sai in ce, "Ƙwarai kuwa, ga shi can yana wanke hannu."

Mataki na huɗu: Ka sami wanda ba za ka taɓa rubutu da shi ba

Nan ne ake gane gwani. Alƙalumanku suna zuwa da lamba a jiki, domin ka san su nawa ne a duniya. Na Likita mafi daraja shi ne wanda muke kira Kifi: baƙi wuluk, da kifin zinariya yana iyo daga murfi zuwa wutsiya. Hamsin aka yi, nasa ne na bakwai. Kada ka yi murna da bakwai ɗin. Aikinka shi ne ka zauna kana tunanin wane ne ya sami na ɗaya, kuma ko yana kula da shi.

Irin wannan ba a ba shi tawada. Da zarar ya sha, wai darajarsa ta ragu. Ka ga kenan alƙalamin da ya fi kowanne kyau shi ne wanda bai san mene ne rubutu ba.

Za ka buƙaci shaidu, domin abin ba ya daɗi kai kaɗai. Su Likita su uku ne a ƙungiyarsu: Shugaba, Sakatare, da shi. Na tambaye shi, shi mene ne muƙaminsa, ya ce shi ne jama'a. A falonmu suke taruwa, ƙarƙashin fitila, suna miƙa wa juna gilashin ƙara girman abu.

"Dubi ɓawon kifin nan, Shugaba. Ɗaya-ɗaya aka ɗora shi."

"Kai! Allah ya yi baiwa. Sakatare, matsa da numfashinka."

Ni kuwa in kawo shayi in tsaya a bakin ƙofa, domin an hana ruwa ya wuce nan. Shugaba ya kan ɗago ya ce, "Uwargida, kin san abin da ke gidanki kuwa?" In ce, "Na sani, ranka ya daɗe. Dattawa uku da shayi yana hucewa."

Mataki na biyar: Ka ware guda na aiki, ka hana matarka

Dole akwai ɗaya da zai riƙa bin ka a aljihu. Na Likita shi ne Ja. Ba shi da kifi, ba shi da wata. Ja ne mai duhu, har ka ɗauka baƙi ne sai ka karkata shi. Da shi yake rubuta wa makiyaya sunan magani, da wata tawada shuɗiya mai duhu wadda ba ya canzawa. Kuma yana da doka: ba a haɗa tawada biyu a cikin alƙalami ɗaya. Kafin a zuba sabuwa sai an wanke tsohuwar tas, har ruwa ya fito fari.

Idan matarka ta ce ara mini in rubuta lambar waya, ka yi tsalle. Sau ɗaya na ɗauki Ja. Daga banɗaki ya fito da kumfa a gemu.

"Ajiye! Ajiye a hankali! Ke kina danna alƙalami kamar mai kashe kyankyaso."

"To koya mini mana."

"Zan koya miki. Bari in sami sarari."

Domin ya wanke laifinsa, da ya yi wata tafiya sai ya kawo mini tsaraba. Na buɗe ina tsammanin turare. Kwalbar tawada ce, koriya shar.

"Na san kina son kore," in ji shi, yana murmushi kamar ya saya mini mota.

"Na gode, Likita. Da yatsa zan rubuta?"

"Idan na koya miki, ai sai ki buƙace ta."

Na ajiye ta a kan madubi tare da kwalaben turarena. Shekarunta nawa a nan, ban ƙirga ba. Ka riƙe wannan dabara: ka riƙa cewa sai ka sami sarari. Ba ta taɓa ƙarewa.

Mataki na shida: Ka tafi ba ka bar bayani ba

Wannan mataki kowa yana yin sa daidai, ba sai an koya masa ba.

Da safe ne. Ina share falo yana zaune a tebur, ya tsoma harshen Ja a kwalba, ya murɗa wutsiyarsa a hankali har ya sha ya ƙoshi, ya goge masa baki da ƙyalle. Ya sa shi a aljihun gaba. Ya ce an kira shi wata goɗiya ta kasa haihuwa, kada in jira shi da abinci. Goɗiyar ta haihu lafiya. Shi kuwa ya wanke hannu, ya shiga mota ya zauna, bai tayar da ita ba.

Da aka kawo mini rigarsa, Ja yana nan a aljihu.

Na mayar da shi akwatinsa, na ɗaure masa riga, na rufe kabad. Ban ƙara buɗewa ba sai da Shugaba ya zo gaishe ni. Ya zauna a kujerar da ya saba, yana ta juya hularsa a gwiwa. Autarmu tana nan, ta zo taya ni zama. Can ya ce, "Uwargida, ki yi mini afuwa. Ja... an wanke shi?"

"Ba a taɓa shi ba. Yadda ya bar shi haka yake."

Sai na ga dattijo ya dafe kai. "Subhanallahi. Tawada a ciki duk tsawon nan? Za ta bushe ta toshe masa maƙogwaro. Kawo in wanke miki yanzu."

"Ka wanke ta tafi ina?"

"Ta bi ruwa mana."

 Auta ce ta ce, "Baba Shugaba, sha shayinka tukuna."

Da ya tafi ta ɗauko akwatin ta ajiye a cinyata. "Mama, ko ki bar ta ta bushe, ko ki bar ta ta bi ruwa, ko ki yi rubutu da ita. Ni dai da ni ce, rubutu zan yi."

"Babanki ya ce ina dannawa kamar mai kashe kyankyaso."

"To yau ya fito daga banɗaki ya hana ki."

Muka yi dariya har ta koma wani abu dabam.

Da na zare wa Ja riga sai na ja labule rabi, domin idona ba ya gani a duhun nan nasu. A nan na ga abin da ban taɓa lura da shi ba. Kusa da wuyan Ja, wuri guda ya fi ko'ina haske, ja sosai kamar garwashi. Likita ya taɓa cewa ƙaron nan yana ƙara kyau idan hannu yana yawan taɓa shi, na ɗauka cikin surutansa ne. Wurin babban yatsansa ne. Na ɗora nawa a kai. Ya yi mini yawa kaɗan. Kifi yana can cikin akwati da lambarsa, babu alamar kowa a jikinsa.

Mataki na bakwai: Ka bar mata kwalba

Kai da za ka karanta wannan bayan Auta ta buga shi a na'ura, ba za ka ga abin da nake gani ba. Tun daga wurin goɗiya rubutun ya fara yin haske. Ina girgiza alƙalamin, yana ba ni kalma biyu ya tsaya. A kan "babban yatsansa" sai da na bi ta sau biyu.

Na tashi na tafi da shi famfo, yadda doka ta ce. Na buɗe ruwa. Na tsaya ina kallon ruwan yana zuba, Ja yana hannuna. Sai na rufe famfon.

Na shiga ɗaki na ɗauko kwalbata daga kan madubi. Murfin ya ƙi buɗuwa sai da na sa ƙyalle. Na tsoma harshen Ja, na murɗa wutsiyar a hankali yadda na sha ganin ana yi, ya sha kore a kan ragowar shuɗin. Na goge masa baki.

Na kira Shugaba a waya na gaya masa, domin kada ya ji a bakin wani. 

"Uwargida, ba ki wanke ba?"

"Ban wanke ba."

"Kin haɗa?"

"Na haɗa, ranka ya daɗe."

Ya ja numfashi. "To wane launi ya bayar?"

Na duba takardar. Ba kore ba ne, ba shuɗi ba ne. Na ce masa ban san sunansa ba, amma yana rubutu sumul, kuma ban danna ba. Ya ce zai zo da Sakatare su gani, in ba zan damu ba. Wai ƙungiya ta rasa jama'a. Na ce su zo, amma labule a buɗe yake rabi, kuma shayi zai wuce bakin ƙofa.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba ta ɗauki alhakin komai ba. Idan furannin matarka suka mutu, ko ta gane sirrin kofuna, ko mai lamba ɗaya ya hana ka barci, kai ka jiyo. Idan Ja ya toshe gobe saboda abin da na yi, wannan tsakanina da Likita ne, kuma ya san inda ya bar ni da darasin da bai koyar ba. Idan kuwa ka bi matakan nan har na shida ba ka sami sarari ba, kada ka ce ban gaya maka ba. An ce duk lokacin da na ƙara kore, shuɗin zai ragu. Na ji. Yau dai na karkata takardar wajen taga, yana nan.