Rasuwar Auta, Maburgin Ƙarshe na Gidan Hiraoka

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma fushin da har yau bai huce ba, ni Tokiko, matar marigayi Genzo Hiraoka mai sassaƙa maburgin shayi a ƙauyen Takayama, nake sanar da dangi da maƙwabta da abokan arziki rasuwar maburgina, wanda aka fi sani da Auta. Ya riga mu gidan gaskiya ranar Lahadi, sha huɗu ga watan Satumba, a cikin injin wanke kwanuka na wani shagon shayi da ke birnin Nara, yana da shekara shida a duniya. Shagon na ɗana ne, Shunpei. Na kama sunansa tun daga nan ne don kada wani ya zo ta'aziyya yana tambayata wa ya yi kisan.

Sanarwar ta yi jinkirin mako shida, ina neman afuwa. Sau uku ina zama da alƙalami, sau uku abin da yake fitowa ba irin wanda ake liƙawa a allon unguwa ba ne. Na kuma san da yawanku sun riga sun ji rantsuwar da na yi ranar da aka kawo gawar, cewa ranar jana'iza zan garƙame ɗakin sassaƙa, in miƙa wuƙaƙen Genzo ga maƙwabcinmu Umeda, sana'ar da gidan nan ya gada tun kakanni bakwai ta ƙare a hannuna. Masu ɗokin jin makomar wuƙaƙen su yi haƙuri su karanta har ƙasa. Mamaci ne a gaba.

Marigayi ɗan asali ne. An sare gorar da ya fito daga cikinta a tsakiyar sanyi, aka dafa ta har maiƙonta ya fita, aka jingine ta a gonar shinkafa ta sha iska sama da wata guda, sannan ta zauna a rufin ɗaki, shekara biyu cur. Genzo ya tsaga ta gida sha shida, kowane gida ya sake tsaga shi goma, haƙora tamanin a waje, tamanin a ciki, ya jiƙa su a ruwan zafi ya kankare bakinsu har sai da haske yake ratsa su. A lokacin hannunsa ya fara rawa, yana ɓoye mini, ni kuma ina yi kamar ban gani ba. Haƙori ɗaya ya fito a karkace, ya yi ta lallashinsa ya ƙi miƙewa. Ya ja tsaki ya turo mini shi ta kan tabarma ya ce, "Ke, ɗaura masa zare ki riƙe, wannan ba na sayarwa ba ne." Ɗaurin zare dama aikina ne, shekara arba'in da ɗaya shi yana sassaƙawa ina ɗaurewa. Na sa masa baƙin zare, layi biyu. Bayan kwana goma aka kai Genzo asibiti, bai sake riƙe wuƙa ba.

Kowa a ƙauyen nan ya san maburgin da ake aiki da shi kullum ba ya wuce 'yan watanni. Auta ya yi shekara shida ne saboda sau ɗaya yake fita aiki a wata, ranar sha bakwai, ranar da mai gidan ya cika. In jiƙa shi a ruwan ɗumi har haƙoransa su saki jiki, in zuba garin koren shayi cokali biyu na gora a kwano, in jira ruwa ya sauka daga tafasa, sannan in bar shi ya yi magana. Shaka-shaka-shaka, haka yake cewa, can ƙasa-ƙasa, sai kuma wani ɗan tik duk lokacin da karkataccen haƙorin ya taɓa gefen kwano. Ko a cikin maburgai ɗari zan gane wannan tik ɗin. In ajiye kwanon gaban hoton Genzo ya ɗan jima, in ɗauka in shanye, don shi ma bai son ɓarna.

Bai taɓa barin gudaji a kwano ba. Kumfarsa laushi gare ta, ba ta fashewa kafin a kai baki. Bai taɓa neman komai ba sai a ɗauraye shi da ruwa zalla a tsayar da shi a inuwa ya bushe. Sabulu bai san shi ba, madara bai san ta ba, sikari ko a mafarki. Ya rayu cikin mutunci, kuma da an bar shi da ni da mun tafi tare.

Game da wanda ya yi sanadinsa, kada kowa ya ce mini rashin sani ne. Shunpei ya zauna a gefen ubansa tun yana ɗan shekara goma har ya kai sha takwas, sannan ya miƙe ya ce shi ba zai ƙare rayuwarsa a durƙushe yana fira da gora ba. Yau yana da shekara arba'in da uku, yana kwaɓa garin shayi da madara da ƙanƙara a kofin roba yana miƙa wa baƙi suna sha a tsaye, suna tafiya suna zuƙa. A ƙofar shagon akwai allo da ke cewa abin yana narkar da tumbi yana mayar da tsohuwa budurwa. Genzo ya sha shayin nan kowace safiya shekara hamsin, ya tafi kabari da tumbinsa, ni kuma ga ni nan kowa yana ganina. Abin da na sani shi ne yana washe ido yana kwantar da zuciya, in an burga shi yadda ya kamata aka kuma zauna aka sha. Ɗana kuwa da wani ƙarfe mai batir yake burgawa, wanda yake kuka kamar sauro.

Jinyar marigayi gajeriya ce. Ranar da na je asibiti a duba mini gwiwa, Shunpei ya shigo gida da makullinsa ya ɗauke shi daga kan kantar da nake ajiye shi. Ya kai shi tagar shagonsa ya tsayar da shi a rana tsaka, da 'yar takarda a gabansa mai cewa aikin mahaifinsa ne. Mahaifin da ya guji zama kusa da shi, yanzu shi ne ado a taga. Ranar Lahadin nan masu yawon buɗe ido suka gaji da ciyar da barewar da ke yawo a birnin suka cika shagon, sauron nasa kuma batir ya ƙare masa. Sai ya miƙa hannu taga. A bushe, ba jiƙo, ya tsoma shi cikin madara mai sanyi, kofi bayan kofi, ya ce wai sun fi sittin. Da aka tashi kuma ya haɗa shi da cokula ya jefa a inji ya danna. Shekara takwas ubansa yana faɗa masa abin da ruwan sabulu mai zafi yake yi wa gora.

A leda aka kawo mini gawar. Mariƙin ya tsage har ƙasa, haƙoran sun baje kowanne ya kama gabansa, zarena ya warware yana reto, duk jikinsa ƙamshin lemun sabulu. Na nemi karkataccen haƙorin ban gan shi ba. Na tambaya, ya ce wataƙila ya bi ruwa. Sannan ya zaro wani abu a kwalin roba mai sheƙi, daga ƙetare, irin wanda ake jibgewa a kwando bakin kanti, ya ce, "Mama, gora ce fa. Ga wani na sayo miki."

Na ce masa, "A gidan nan ba a taɓa sayen maburgi ba. Fita."

A nan na yi rantsuwar, da ƙarfi, har Umeda ya jiyo ta katanga. Wancan baƙon na kwali kuwa bai yi asara ba, da shi nake goge magudanar ruwan wanke-wanke, kuma ko a nan ba ya wani abin kirki.

Marigayi ya rasu ya bar kwanon yumɓu mai ɗan ɓalli a baki, abokin aikinsa, wanda tun daga ranar yake kife. Ya bar cokalin gora, da gwangwanin shayi da ya rage rabi, da hoton mutumin da watan Satumba da na Oktoba suka wuce bai sami kwanonsa ba. Ya bar ni. Sauron shagon Nara ba ya cikin dangi, kada kowa ya yi masa gaisuwa. Shunpei a takarda yana cikin masu makoki, tun da hannun da ya sassaƙa mamacin shi ya rene shi, amma ban ga dalilin da za a ba shi tabarma ba.

Akwai kuma wani abin takaici da ya wajaba in sanar, don kada a ji shi a bakin wasu. Kwana tara bayan rasuwar, da safe ina zuba shinkafa, na ji ƙarar kankara daga ɗakin sassaƙa. Ban leƙa ba, na san ɓarawon, takalminsa na bakin ƙofa. Kullum sai ya zo ya yi awa biyu kafin ya hau jirgin ƙasa ya tafi buɗe shagonsa, bai gaishe ni ba, ban gaishe shi ba. Wata rana na hau rufin ɗaki da gwiwar nan tawa na duba gorar da Genzo ya bari, na tarar ya riga ya lalata sha ɗaya. Gorar da ta shekara takwas tana jiran hannun ƙwararre, ta faɗa hannun mai kwaɓa madara. Na sauko da niyyar in kore shi da tsintsiya, ina kaiwa bakin ƙofa sai haƙori ya karye masa, ya ja tsaki. Tsakin ubansa ne sak, dogon nan mai ɗan tsayawa a tsakiya. Na zauna a dakali na yi kuka, kuma na ji haushin kaina da na yi.

Ranar Alhamis da ta wuce ya ajiye mini wani abu a kan tabarma. Na ƙirga haƙoran waje, hamsin da uku. Wasu kauri kamar tsinken tsire, wasu sirara har numfashi yana kaɗa su, kuma in ana maganar karkata, ba ɗaya ba ne, rabinsu ne. Yatsunsa huɗu a naɗe da filasta. Na ce masa da ubansa ya ga wannan da ya hura wutar wanka da shi, na ce ko akuya aka ba wuƙa za ta fi haka, na faɗi wasu abubuwan da ba zan maimaita a sanarwar mutuwa ba. Ya durƙusa yana kallon ƙasa har na gama. Sai ya ce, "Na sani, Mama. Amma zaren ba aikina ba ne."

Kwana uku abin yana nan inda ya bar shi, ina kewaye shi in wuce. Jiya na ɗauko baƙin zare. Layi biyu na sa masa, kuma sai da na sha wuya, don haƙoran ba su san layi ba.

Za a yi jana'izar Auta ranar Lahadi mai zuwa da ƙarfe goma na safe, a haikalin da ke kan tudu, tare da sauran maburgan da suka gama aikinsu a bana. Za a yi musu addu'a da godiya a sa su a wuta kamar yadda aka saba. Nasu tsufa ne ya kai su, nawa kashe shi aka yi, ina roƙon mai jan addu'ar ya san da bambancin. Ba a buƙatar furanni. Duk wanda ya zo da kofin roba a hannu za a mayar da shi daga ƙasan matakala. Shunpei ne zai ɗauki gawar daga gida har tudun, a ƙasa, da hannu biyu, kuma shi zai sa ta a wuta yana kallo.

Ana sanar da Umeda kada ya wahalar da kansa ya zo da akwatin wuƙaƙe. Na ɗaga maganar zuwa baɗi war haka, in ga abin da sauran gorar za ta zama. Kada wani ya ɗauka yafewa na yi, ban yafe ba.

Bayan an sauko za a zauna makoki a gida, za a kuma ba kowa shayi. Kwanon farko na Genzo ne, ya daɗe yana jira. Da sabon abin nan mai haƙora hamsin da uku za a burga, don haka za ku ji gudaji, kumfar ma ba ta da tabbas. Duk wanda ya ji gudaji a bakinsa ya haɗiye ya yi shiru, ya juya kwanonsa ya yi godiya. Ni kaɗai ce mai izinin zagin wannan maburgi.